Farish: Inda Jama'a Ke Ɗauke da Ikilisiya

A tsarin ɗarikar Katolika, farish ita ce matakin da mabiyi yake haɗuwa da Ikilisiya ido da ido. Kundin dokokin Ikilisiya na shekarar 1983, a doka ta 515, ya bayyana ta a matsayin tsayayyar jama'ar masu bi da aka kafa a cikin dayosis, aka damƙa kiwonta ga Fada guda a ƙarƙashin ikon bishop. Jama'a aka fara ambata a wannan bayani, ba a ma kawo zancen gini ba. A farish ake yi wa jariri baftisma, a nan ake koya wa yaro addini, a ɗaura aure, a kai wa mara lafiya Jiki Mai Tsarki, a yi wa mamaci addu'ar ƙarshe. Doka ta wajabta wa kowace farish ta ajiye littattafan rajistar baftisma da aure da mutuwa, shi ya sa a ƙauyuka da dama katin baftisma ne takarda mafi tsufa da ke nuna shekarun mutum da sunan iyayensa.

Wanda ya san farish daga nesa yakan ɗauka rayuwarta duka ita ce Misar ranar Lahadi. Misa ce tushe, babu musu. Amma a arewacin Nijeriya yawancin aikin da ke riƙe da jama'ar farish ana yin sa ne a kwana shidan da ke tsakanin Lahadi da Lahadi, kuma masu yin sa mutane ne da ba su sa rigar limanci ba: katakis, da matan zumunta, da mawaƙa, da matasa, da dattawan unguwa. Saboda haka duk farish ɗin da ke son ɗorewa, waɗannan mutane ya kamata ta fara zuba wa dukiyarta da hankalinta kafin ta kai ga bulo da siminti.

Tarihin Katolika a Arewa shi kansa yana nuna haka. A shekarar 1907 Fada-Fada uku na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam, a Jihar Filato ta yanzu, suka kafa mishan. Daga baya layin dogo da ma'adinan kuza suka kawo ma'aikata Katolika daga Kudu zuwa Kaduna da Zariya da Kano da Jos, aka sami ƙananan jama'u a unguwannin Sabon Gari. Kaduna ta zama babbar dayosis a 1959, Yola ta zama dayosis a 1962, Sakkwato a 1964, Maiduguri a 1966, Kafanchan a 1995, Kano a 1999, Zariya a 2000. A 2023 aka yanko dayosis ɗin Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan asalin jihar, bishop ɗinta na farko. A tsawon wannan tafiya Fada-Fada ba su taɓa wadatar jama'a ba. Fada ɗaya yakan riƙe ƙasa mai faɗin gaske, yana zagayawa a ƙafa ko a kan keke, daga baya a kan babur. Abin da ya sa majami'un ƙauye suka rayu tsakanin zuwansa da dawowarsa shi ne akwai wanda ya bari a wurin.

Wannan mutum shi ne katakis. Har yau farish ɗin karkara takan kasance da babbar majami'a inda Fada yake zaune, da rassa a ƙauyuka, wasu kusa, wasu sai an haye rafi. Reshen da ke nesa yakan yi makonni bai ga Fada ba, musamman da damina. Da sassafen Lahadi katakis ne zai buga ƙararrawa, wadda a wurare da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a bishiya. Shi zai jagoranci addu'ar safe, a karanta karatun ranar, ya yi bayani, a rera waƙa, a yi baiko, ya yi sanarwa. Ba ya yin Misa, ba ya jin furcin zunubi, domin waɗannan na Fada ne kaɗai. Amma shi ke shirya masu neman baftisma da masu shirin karɓar sakramentin ƙarfafawa, shi ke zama da saurayi da budurwa kafin aure, shi ake tasa da tsakar dare idan wani yana gargara, kuma sau da yawa shi ke tsayawa a bakin kabari. Ya san gidan da aka yi faɗa, da gidan da hatsi ya ƙare. Idan Fada ya zo, a bakin katakis zai ji halin da gari yake ciki, kuma shi zai yi masa tafinta idan ba ya jin yaren mutanen. Makarantar horar da katakis da ke Malumfashi ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata domin yankunan da ake wa'azi da Hausa. A watan Mayun 2021 Fafaroma Faransis ya mai da aikin katakis hidima ta musamman da Ikilisiya ke danƙa wa mutum a hukumance, abin da mutanen karkarar Arewa suka daɗe da sani a aikace.

Harshe ma yana cikin abin da ya ba farish ɗin Arewa kamanninta. Kafin Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, da Latin ake yin Misa kusan ko'ina a duniya. Taron ya buɗe ƙofar amfani da harsunan jama'a, kuma a Arewa Hausa ce ta ɗauki wannan nauyi. A majami'a ɗaya a Kaduna ko Jos za a tarar da Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi da Birom da Angas da Goemai da Tibi da Hausawa, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ke haɗa bakinsu wajen addu'a. A birane an saba raba Misar Lahadi, wata da Hausa, wata da Ingilishi, a wasu wuraren har da ta Ibo. Waƙoƙin Hausa na coci sun ɗauko salon gargajiya na mai bayarwa da 'yan amshi, ana raka su da ganga da kuge da caki, har wanda bai iya karatu ba yana iya ɗaukar darasin ranar daga amshin waƙa. Ƙungiyar mawaƙa takan haɗu sau biyu ko uku a mako domin koyon waƙa, kuma nan ne matasa da yawa suke fara koyon kiyaye lokaci da bin shugaba.

Idan ana maganar ƙungiyoyin farish, babu wadda ta kai Zumuntar Matan Katolika tasiri a rayuwar yau da kullum. Suna da ranar taronsu a mako, da ankonsu, da Uwar Zumunta da magatakarda da ma'aji, da kiɗan tukunya da aka san su da shi. A taron ana addu'a, ana karatun Littafi Mai Tsarki, ana nasiha kan zaman aure da tarbiyyar yara, ana tara ɗan abin da kowa ta samu. Amma a gidajen mutane ake ganin ainihin aikinsu. Idan aka yi rasuwa, kafin dangi na nesa su iso matan zumunta sun riga sun cika tsakar gida. Wasu sun ɗora tukwane, wasu sun tafi ɗebo ruwa, wasu suna zaune kewaye da matar mamaci suna rera waƙar ta'aziyya a hankali, wata dattijuwa ta ja yaran gefe ta ba su abinci. Kowace ta zo da abin da ta iya: mudun masara, ƙullin gishiri, damin itace. Bayan an binne, baƙi sun watse, su ne ke ci gaba da leƙowa har makonni. Haka suke yi wa mai jego da wadda aka kwantar a asibiti. Adashen da suke yi a tsakaninsu ya biya kuɗin makarantar yara da yawa, ya kuma zama jarin ƙosai da na sayar da hatsi ga mata masu yawa. Ga matar da ba ta sami zuwa makaranta ba, zumunta ce wurin da ta fara tsayawa gaban jama'a ta yi magana, ta riƙe kuɗin ƙungiya, ta ba da lissafi.

Akwai sauran ƙungiyoyi, kowace da fanninta. Zumuntar maza takan ɗauki aikin gayya da tsaro da sasanta rigima. Ƙungiyar matasa ta CYON tana shirya wasanni da wasan kwaikwayo da sharar harabar coci da noman gonar farish. Ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai suka kafa a babban birnin Faransa a 1833, aikinta nemo matalauta a gidajensu da kai musu taimako ba tare da tallata su ba, kuma ba ta tambayar addinin mabukaci. Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya kafa a Dablin ta ƙasar Ayalan a 1921, tana tura 'ya'yanta bibbiyu su ziyarci marasa lafiya da fursunoni da waɗanda suka daina zuwa coci, su dawo su ba da rahoto a taron mako. A farish-farish da yawa an kuma raba jama'a zuwa ƙananan rukunoni na unguwa, ana haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu da yamma a yi rozari, a karanta Bishara, a tattauna matsalar unguwa. A babbar majami'ar birni mai dubban mutane, wannan rukuni ne kaɗai wurin da za a lura idan wani ya ɓace.

Shekarar farish tana tafiya bisa kalandar Ikilisiya. Makonni huɗu na shiri ne ke kai jama'a ga Kirsimeti, lokacin da 'yan birni ke komawa gida, majami'un ƙauye su cika maƙil. Ranar Larabar Toka ake shiga azumi na kwana 40, inda kowace Jumma'a ake bin Hanyar Gicciye mai matsayi 14, a kuma tara baiko na musamman domin mabukata. Makon ƙarshe yana farawa da Lahadin ganyen dabino, ya ƙare da daren Ista, daren da aka fi yi wa manya baftisma bayan dogon koyo. Watannin Mayu da Oktoba na rozari ne. Bayan an kwashe amfanin gona sai bikin godiyar kaka. A ranar iyalai da ƙungiyoyi ke fitowa layi-layi da rawa, ɗauke da doya da buhun masara da dawa da kaji, wani ma yana jan akuya har gaban bagade. Bayan Misa a yi gwanjon kayan a harabar coci, mai hali ya sayi kaza da kuɗin da ya ninka farashinta sau da yawa domin ya taimaka. A farish-farish da dama kuɗin wannan rana ne ke ɗaukar manyan ayyukan shekara mai zuwa.

Amfanin farish bai tsaya a kan mabiyanta ba. Tun farko mishan da makaranta da ɗakin shan magani tare suke tafiya. 'Yan Sista na Saint Louis sun iso Kano a 1948, kuma makarantarsu ta 'yan mata ta yaye ɗalibai Musulmi da Kirista masu yawa. A Kaduna, makarantun da yanzu ake kira Kwalejin Rimi da Kwalejin Sarauniya Amina na mishan ɗin Katolika ne kafin gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970. Asibitin Saint Gerard da ke Kakuri yana karɓar duk wanda ya zo. A matakin dayosis akwai hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya, wadda ta hanyar farish take kai rijiyoyi da horon manoma da kayan agaji ga ƙauyuka. Duk inda gwamnati ta yi nisa da talaka, farish tana cikin 'yan cibiyoyin da suke da rajistar mutane, da shugabanci da aka sani, da wurin taro, da amanar jama'a.

Shekarun baya-bayan nan sun ɗora wa wannan tsari nauyin da bai saba ɗauka ba. Ranar Kirsimetin 2011 bam ya tashi a cocin Saint Theresa da ke Madalla a Jihar Neja, ya hallaka masu ibada da dama. A watan Oktoban 2012 aka kai irin wannan hari cocin Saint Rita da ke Kaduna. A farkon 2020 aka sace ɗalibai daga makarantar horar da Fada-Fada ta Good Shepherd a Kaduna, aka kashe ɗaya daga cikinsu, Michael Nnadi. Fada Isaac Achi, wanda shi ne Fadan Madalla lokacin harin 2011, an kashe shi a gidansa na farish a Kafin Koro a watan Janairun 2023. A Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Neja da Borno akwai rassan da jama'arsu suka watse, harabar coci da azuzuwan makaranta suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Wannan bala'i bai bar masallatai da ƙauyukan Musulmi ba, kamar yadda Zamfara da Katsina da Sakkwato suka shaida. Abin da ya fito fili shi ne farish ɗin da ƙungiyoyinta ke da rai ita ce ta fi iya tsayawa. Inda matan zumunta suka san kowane gida, cikin kwana ɗaya ake gane wanda ya tsira da wanda ba a gani ba, a san inda za a kai marayu.

Zama da maƙwabta ma aikin farish ne. Takardar Nostra Aetate da Babban Taron Batikan na Biyu ya fitar a 1965 ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ta kuma yi kira da a haɗa hannu wajen adalci da zaman lafiya. Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a watan Fabrairun 1982 da irin wannan saƙo. Abotar Akbishop Ignatius Kaigama, lokacin yana Jos, da marigayi Sarkin Wase Haruna Abdullahi ta zama abin misali a Filato. Sai dai zumuncin manya ba ya kashe wutar unguwa idan babu na ƙasa. Abin da ke aiki ranar da jita-jita ta tashi shi ne ko Fada da limamin unguwa suna da lambar wayar juna, ko an saba aika abincin Kirsimeti da naman Sallah tsakanin gidaje, ko rijiyar coci a buɗe take ga kowa. Zumunci a ƙafa yake, kuma farish ɗin da ta bari sai rikici ya ɓarke kafin ta nemi maƙwabcinta ta makara.

Duk da wannan alheri, akwai gyare-gyaren da bai kamata a kau da kai daga gare su ba. Na farko shi ne yawan karɓar kuɗi. A wasu farish-farish baiko yakan kai biyu ko uku a Misa ɗaya, ga kuɗin ƙungiya, ga na anko, ga kason gini da aka yanka wa kowane gida, ga na dayosis. Mai ƙaramin ƙarfi yakan fara jin kunyar zuwa, daga nan ya ja baya gaba ɗaya. Mafi muni shi ne inda ake duba ko mamaci ya cika biyan kuɗaɗensa kafin a amince da jana'izarsa. Doka ta 848 ta gargaɗi masu hidima kada talauci ya hana mabukaci samun sakramenti, kuma ruhin wannan doka ya kamata ya mamaye duk hidimar farish.

Na biyu shi ne lissafi. Doka ta 537 ta wajabta kafa majalisar kuɗi a kowace farish, doka ta 1287 kuma ta ce masu riƙe da dukiyar Ikilisiya su ba masu bi bayanin abin da suka bayar. Inda ake karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a, mutane sukan ƙara bayarwa da farin ciki. Inda ake rufa-rufa, ƙorafi ke yawo a bayan coci, ko da babu wanda ya ci ko sisi. Majalisar da aka cika da 'yan amshin shata ba ta taimaki Fada ba, domin ta bar shi shi kaɗai da zargi.

Na uku shi ne halin da katakis yake ciki. Da yawansu ɗan alawus ɗin da ake ba su ba ya kai su ko'ina, da noma suke ciyar da iyali, kuma idan tsufa ya zo babu wani tanadi. Doka ta 231 ta ce masu bi da suka ba da kansu ga hidimar Ikilisiya suna da haƙƙin samun abin da zai riƙe su da iyalinsu cikin mutunci, har da tanadin lafiya da na tsufa. Bai dace farish ta shimfiɗa tayil ta sayi manyan lasifikoki alhali mutumin da ke riƙe da rassanta ba ya iya biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa ba. Gini yana da amfani, jama'a na bukatar inuwa da wurin ibada mai kyau. Amma gasar gini tsakanin farish da farish tana cinye kuɗin da ya kamata ya tafi ga horar da katakis da kula da gwauraye da marayu.

Na huɗu shi ne rarrabuwa. Ƙungiyoyin ƙabila a cikin farish suna taimakon baƙo ya sami 'yan uwansa, amma idan suka zama jam'iyyun neman kujerar shugaban majalisar farish, sun fara rusa abin da Misa ke ginawa. Haka nan a wasu birane ana tura Misar Hausa zuwa lokacin da bai dace da kowa ba, ana kallonta a matsayin ta tsofaffi da marasa boko. Wannan kuskure ne, domin Hausa ce harshen da ya haɗa mafi yawan ƙabilun Arewa a coci, kuma da ita ce maƙwabci Musulmi zai ji abin da ake faɗa ya san ba zaginsa ake yi ba. Kula da ingancin wa'azi da waƙa da littattafan koyarwa na Hausa hidima ce ga haɗin kan farish da zaman lafiyar unguwa baki ɗaya.

Na ƙarshe shi ne matasa. Yawancinsu ana ganinsu har zuwa ƙarfafawa, daga nan sai neman aiki ya kai su Abuja ko Legas, wasu su koma wasu majami'u, wasu su daina zuwa ko'ina. Wayar hannu ta sauƙaƙa sanarwa, kusan kowace ƙungiya tana da zaurenta na WhatsApp, amma saƙo ba ya maye gurbin ziyara. Matashin da aka ba shi aikin share coci da jera kujeru kawai ba zai ji farish tasa ce ba. A ba su kujera a majalisa, a haɗa su da masu sana'a na cikin farish su koyi walda da ɗinki da gyaran waya da kiwo, a buɗe azuzuwan makarantar farish da yamma domin masu shirin jarrabawa.

Waɗannan gyare-gyare ba sa bukatar sabuwar doka, domin dokokin Ikilisiya sun riga sun tanade su, kuma yawancinsu ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Abin da suke bukata shi ne bishop-bishop su riƙa tambayar farish halin da katakis ɗinta da matalautanta suke ciki kamar yadda suke tambayar ci gaban gini, Fada-Fada su ɗauki majalisa da ƙungiyoyi a matsayin abokan aiki, masu bi kuma su daina ɗaukar farish a matsayin wurin da ake zuwa a karɓi hidima a tafi. Kasafin kuɗin shekara ya fara da albashin katakis da asusun mabukata da koyarwar yara, a karanta shi a gaban jama'a, sannan abin da ya rage a kai shi ga gini.